Nima: Makiyayar da Ta Zama Gari, Wa Zai Riƙe Mana Tarihinta?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke buhun albasa ko wake a Nima ranar Laraba, ya san cewa da ya sauko daga mota zai ji Hausa tana tashi ta kowace kusurwa, kai ka ce a Kurmi ta Kano kake. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi yadda aka yi wannan wuri ya kafu a tsakiyar birnin Ankara, wato Accra. Tambayar kuwa ba ta hira ba ce kawai, domin a kanta ake shari'ar filaye, a kanta ake tantance ɗan ƙasa da baƙo.

Tun kafin zuwan Turawa, fataken ƙasar Hausa suke bin hanyar Gwanja da jakuna, suna kai kanwa da tufafi da fatu zuwa Salaga, su komo da goro. A 1877 Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatarsu daga Cape Coast zuwa Ankara, a 1892 kuma yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga. Waɗannan abubuwa biyu suka sa ciniki ya karkata kudu, jama'armu suka bi shi. Tsohon zangon Ankara yana cikin gari, inda ake kira Zongo Lane. Da wurin ya cika, sai Malam Baƙo, wanda mahaifinsa ya zo daga Katsina, ya nemi fili wajen sarakunan Ga a farkon ƙarni na 20, ya kafa Sabon Zongo.

Ita kuwa Nima ƙanwa ce a wajensu. A 1931 wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya sami izini daga gidan Odoi Kwao na Osu, masu ƙasar, ya riƙa ajiye dabbobi a wurin kafin a kai su mahauta. Daji ne a lokacin, a bayan gari. Baƙo in ya sauka wajen Malam Futa, sai a nuna masa inda zai kafa bukka. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aiki ya buɗe a barikokin soja da gidajen Turawa da ke kusa, sai Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Wangarawa suka yi ta kwararowa, har gidaje suka haye kwata zuwa Maamobi. Kowace ƙabila da sarkinta da masallacinta, amma Hausa ce ta haɗa su.

To, ga inda gizo ke saƙa. Yawancin wannan zama an yi shi ne da baki da amana, ba da takarda ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Mutanen da aka haifa a zango, ba su san wata ƙasa ba, suka karyar da gidaje da rumfuna, suka hau manyan motoci zuwa Nijeriya da Nijar. Masu karatunmu na Jibiya da Illela da Maraɗi, da yawa sun san gidan da har yau ake kiran wani dattijo Ɗan Gana. A shekarun 1970 kuma aka fasa babban titi ta tsakiyar Nima, aka rushe gidaje, wasu iyalai suka koma Madina.

Yau Nima tana maƙwabtaka da Kanda, inda aka buɗe Babban Masallacin Ƙasa a 2021, kuma ba ta da nisa da filin jirgin sama. Filin da aka bar wa shanu ya zama zinariya, idon masu kuɗi yana kai. Dattawan da suka san iyakar kowane gida kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, Allah Ya jiƙansu.

Ba a rasa abin koyi ba. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta abin da ya gani a zamaninsa da Larabci da ajami. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana ɗaukar hoton irin waɗannan rubuce-rubuce. Da su masu bincike ke kafa hujja a yau.

Saboda haka kiranmu ga 'yan kasuwa shi ne, wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba. Wayar da muke tambayar farashin goro da ita, za ta iya naɗar muryar kaka tana faɗin garin da aka fito da shekarar da aka sauka. Tsofaffin rasidai, takardun haraji, wasiƙun ajami da hotunan da ke ƙasan adaka, a fito da su kafin gara ko ambaliya su gama da su, a ɗauki hotonsu, a ba masallacin unguwa ko gidan sarki kwafi. Wanda ya san danginsa sun bar gida a Nima a 1969, ya rubuta sunan gidan ya ba 'ya'yansa.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kakanninmu sun bar gida, suka gina wani. Kada sakacinmu ya sa a wayi gari a ce wa jikokinsu jiya suka zo. Allah Ya kiyaye, Ya sa albarka a kasuwa.