Adam Goodes: Gwarzon da Ihu Ya Kora daga Fili

Ƙwallon Ostareliya dabam yake da wanda aka saba gani. Filin da ƙwallon duk siffar ƙwai gare su, kowane ɓangare 'yan wasa 18 ne, kuma hannu da ƙafa duk an yarda. Ginshiƙai huɗu ke tsaye a kowane ƙarshen fili. Wanda ya narka ƙwallo da ƙafa tsakanin biyun tsakiya ya ci maki shida, ta gefe kuwa maki ɗaya tak.

A wannan wasa Adam Goodes ya yi suna. Ɗan asalin ƙasar ne, daga mutanen da Turawa suka tarar, kuma mahaifiyarsa tana cikin yaran da hukuma ta raba da iyayensu. An haife shi a 1980, ƙungiyar Sydney Swans ta ɗauke shi a 1997, bai taɓa canja sheƙa ba har ya buga mata wasa 372. Sau biyu yana lashe lambar Brownlow ta gwarzon ɗan wasan shekara, a 2003 da 2006. Lambar tana da nauyi, domin alƙalan wasa ne ke jefa ƙuri'arta bayan kowace karawa, ba 'yan kallo ba. Yana cikin waɗanda suka kawo wa Swans kofi a 2005, bayan shekara 72 ana jira. A wasan ƙarshe na 2012 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya ƙi fita, har ya ci ƙwallo, suka doke Hawthorn.

Sai kuma watan Mayun 2013. Ana karawa da Collingwood a Melbourne, wata yarinya 'yar shekara 13 ta kira shi gwaggon biri. Ya tsaya cak, ya nuna ta, masu gadi suka fitar da ita. Washegari ya roƙi jama'a kada su ɗora wa yarinyar laifi, amma ina! Da aka naɗa shi Gwarzon Ostareliya na 2014, ya ci gaba da magana kan wariyar launin fata, sai ihu ya zama abin tarbarsa a filaye. Da ya taɓa ƙwallo, sai a kaure. Masu yi suka ce salon wasansa ne ba sa so, hujjar da ba ta shiga kunne.

Ya yi ritaya a 2015, ya ƙi shiga zagayen bankwana da ake yi wa masu barin wasa. Hukumar AFL mai kula da gasar ba ta nemi afuwarsa ba sai 2019. A 2021 ta zaɓe shi cikin jerin gwarazan tarihinta, ya ce ba ya so.