A Duba Ƙafafun Mota Kafin Kaka Ta Yi

'Yan'uwa manoma da makiyaya na Damargu, wanda zai sayi raƙumi ƙafafunsa yakan fara dubawa. Mota ma haka take. Ga kaka ta ƙarato. Nan da 'yan kwanaki za a fara ɗaukar gero da wake daga ƙauyukan Olelewa zuwa Bakin Birji, da Tanut, da Damagaram. Motar da za ta ɗauki hatsin ita za ta ɗauki matanmu da 'ya'yanmu. Saboda haka gyaran ƙafafunta na gaba ya shafi kowa.

Motocin da muka sani

An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948. Tsohuwar ƙirar tana zaune ne kan faifan ƙarfe da aka jera bisa juna, gaba da baya. Su ne direbobi ke kira lam. Peugeot 404 ta fito a Faransa a 1960, kuma an riƙa haɗa ta a Kaduna daga 1975. Ita ƙarfen gabanta a murɗe yake kamar nadin igiya. Toyota mai akori ta zo ta karɓe yawancin aikin daji. A Amurka akwai masu gyara tsohuwar Ford Mustang ta 1964 don sha'awa. Mu nan tsohuwar mota abin neman abinci ce.

Hanyar kwalta ɗaya ce ta ratsa ƙasar, daga Damagaram ta bi Tanut zuwa Agadas. Wanda ya sauka daga kanta ya nufi Belbeji ko ƙauyuka, sai rairayi da gargada. Rairayi yana shiga mahaɗan ƙarfe in robarsu ta yage, ya gauraya da giris, ya yi ta cin ƙarfen. Gargada da kaya fiye da kima kuwa su ke karya lam.

Taya ba ta ƙarya

Ku dubi tayoyin gaba. In gefen waje ne ya cinye, ƙafafun sun tsuke da yawa ta gaba. In gefen ciki ne, sun buɗe. In mota tana ja gefe guda, ko sitiyari yana rawa, ko ana jin ƙwal-ƙwal a rami, akwai ciwo.

A ɗaga gaban motar, a tokare ta da kututture mai ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita. A kama taya sama da ƙasa a girgiza, sannan a kama ta dama da hagu. In ta yi lakwai-lakwai ta dama da hagu, yawanci kan sandar sitiyari ne ya ci, wanda makanikai ke kira rotil. Ranar da rotil ya fita ana cikin gudu, direba ba shi da sauran iko da motar.

Yadda ake gyara

Rotil da ya ci, canja shi ake yi. Ba a cusa masa roba, ba a ɗaure shi da waya. Sandar sitiyari da ta lanƙwashe ba a gasa ta a wuta, domin wuta tana kashe ƙarfinta. Lam da amartisar, wato abin da ke hana mota tsalle, biyu-biyu ake canja su, dama da hagu tare. Notunan robobin lam ba a ƙarasa ɗaure su sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta.

Daidaita ƙafafu

Bayan gyara sai awo. A tsai da mota a wuri mai daidai, iskar tayoyi ɗaya, sitiyari a miƙe. A sami sanda miƙaƙƙiya. A auna tsakanin bakin ƙarfen taya na dama da na hagu ta gaba, daidai tsayin cibiyar taya, a yi alama da alli. A tura motar gaba har alamar ta koma baya, a sake aunawa. Ga tsohuwar Land Rover da 404, gaba ya kamata ya fi baya tsukewa da wajen milimita 2, kamar kaurin tsinken ashana. In bai yi ba, a sassauta sandar da ta haɗa ƙafafun biyu, a murɗa ta, a ɗaure, a sake awo.

Kada a raina wannan ɗan awo. In kuskuren ya kai santimita 1, kowace taya tana jan gefe wajen mita 12 a kowane kilomita. Daga Damagaram zuwa Tanut wajen kilomita 150 ne. Ke nan tayar ta goga a kaikaice kusan kilomita 2 a tafiya guda. Kuɗin sabuwar taya kuwa buhunan gero ne.

Ku da kuka iya karatu da lissafi, ga inda iliminku zai yi amfani. In ƙungiyarku tana da mota, ku rubuta ranar gyara da awon da aka samu cikin littafi. In haya za ku ɗauka, ku zaga ku dubi tayoyin gaba kafin a ɗora buhu ko ɗaya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.