Ciwon sukari a Belleville: abin da kuɗin taimako ke saya

Unguwar Belleville tana gabashin birnin Paris, a inda gundumomi huɗu suka haɗu, ta 10 da ta 11 da ta 19 da ta 20. Tun daɗewa masaukin baƙi ce. Mutanen Aljeriya da Tunisiya da Maroko, 'yan Sin, da 'yan Afirka ta Yamma daga Mali da Senegal da maƙwabtansu duk suna nan. Ranar Talata da Juma'a kasuwa na ci a kan babban titin unguwar, inda ake samun ganye da kifi da 'ya'yan itace da sauƙi. Amma ma'aikacin da ya fita tun asuba ya dawo bayan isha'i ba ya samun sararin girki. Abincinsa yana wurin matan da ke dafa shinkafa da miyar gyaɗa a gidajen kwanan ma'aikata baƙi: faranti cike taf da farar shinkafa, mai yana yawo a kai, kuɗin kuma kaɗan. Daga baya a ɗora shayi mai kauri, ba a ƙyashin sukari. Daga irin wannan faranti ya kamata a fara maganar ciwon sukari a unguwa irin wannan.

A Faransa magani ba shi ne matsala ba. Ciwon sukari yana cikin jerin cututtuka masu daɗewa da inshorar lafiya ta ƙasa ke ɗaukar nauyinsu gaba ɗaya, daga ƙwayoyi da allurar insulin har gwajin jini. Wanda ba shi da takardun zama ma akwai tsarin taimakon lafiya na gwamnati da aka fara a 2000, ko da yake samunsa sai an sha cike-ciken takardu. A 2020 fiye da mutum miliyan 3 da rabi ne ke shan maganin ciwon sukari a ƙasar. To in haka ne, me kuɗin sadaka zai yi a nan?

Amsar tana cikin abin da ke faruwa bayan an fito daga ɗakin likita. Likita ya yi bayani da Faransanci cikin ɗan lokaci, ya miƙa takarda mai jerin abinci irin na Turawa. Dattijon da ba ya karatun boko ya karɓa, ya gode, ya ninke ta ya sa aljihu. Babu wanda ya gaya masa cokali nawa na shinkafa zai ci, ko ya ƙara ganye ya rage mai, ko ya riƙa duba tsakanin yatsun ƙafarsa kowane dare, domin ciwon yana kashe jijiyoyi har mutum ya taka ƙusa bai ji ba. Watan azumi ya fi komai wuya. Wasu ƙwayoyin suna sauke sukarin jini ƙasa sosai idan ciki ba abinci, saboda haka dole a sauya lokacin shansu ko yawansu kafin watan ya kama. Mai kunyar tambaya sai ya yanke wa kansa hukunci, ko ya daina shan magani, ko ya sha ya faɗi a wurin aiki.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A asibitin Saint-Louis, wanda ke dab da Belleville, likitoci irin su Jean-François Gautier da Eugène Sobngwi ɗan Kamaru sun bi diddigin majinyata 'yan asalin Afirka kudu da Sahara, suka wallafa sakamakon a 2004. Waɗannan mutane sukan zo asibiti a galabaice, sukari ya hau ƙwarai, kamar masu nau'i na ɗaya da ba sa rayuwa sai da allura. Bayan wani lokaci sai mafi yawansu su iya ajiye insulin, ko da yake ciwon kan dawo wa da yawa. Likitan Najeriya Kwaku Adadevoh ya riga ya bayyana irin wannan tun 1968. Hatsarin a fili yake: wanda aka ce ya ajiye allura sai ya ɗauka ya warke, ya daina zuwa awo. Irin wannan mutum yana bukatar wanda zai riƙa tuna masa shekara da shekaru.

Wannan giɓin ne ƙungiyoyin sa kai ke cikewa. Dokar 1901 ta sauƙaƙa kafa ƙungiya a Faransa, kuma wanda ya ba ƙungiyar jin ƙai yuro 100, ana rage masa 66 daga harajinsa. Babbar ƙungiyar masu ciwon sukari ta ƙasar, wadda asalinta ya faro a 1938, tana horar da majinyata su zama masu jagorantar 'yan uwansu. Abin da ya fi burge ni shi ne aikin Ikambere, wadda Bernadette Rwegera 'yar Ruwanda ta kafa a Saint-Denis a 1997 domin mata masu ƙwayar cutar ƙanjamau. Daga baya ta buɗe gidan Igikali a Ivry-sur-Seine domin mata marasa galihu masu ciwon sukari da hawan jini da ƙiba. A can ana cin abinci tare, ana koyon girki, ana motsa jiki, ana taimaka wa mace da takardunta. Wadda ba ta da tabbacin wurin kwana ba za ta tsaya auna shinkafa ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda ake ba da kuɗin. Masu bayarwa sun fi son abin da za a ɗauki hotonsa, a kafa rumfa ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, a soki yatsun jama'a, a rubuta adadi. Gwaji yana da amfani, amma wanda aka gano yana da ciwon, wa zai raka shi asibiti? Albashin tafinta ko ma'aikaciyar da ke shiga gida-gida shi ne ya fi wuyar samu, kuma tallafin yakan zo na shekara guda. Kafin mutane su saba da ita su fara gaya mata gaskiyar abin da suke ci, kuɗin ya ƙare.

Irin wannan aiki ya isa Afirka ma: ƙungiyar Santé Diabète, mai hedikwata a Grenoble, kudu maso gabashin Lyon, wadda aka kafa a 2001, ta fara aikinta a Mali, kuma ta daɗe tana horar da ma'aikatan lafiya da majinyata masu koyar da 'yan uwansu. Mu a Kano da Maradi nauyinmu biyu ne, domin ba magani kyauta, bayanin ma ya yi ƙaranci. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba. Masu hannu da shuni a cikinmu ba su da rowa, sukan biya kuɗin wankin ƙoda ko na yanke ƙafa idan an kai musu kuka. Da attajiri ɗaya zai yi waƙafin shago guda a Kantin Kwari, hayarsa ta riƙa biyan ma'aikaciyar jinya da na'urar awo a asibitin unguwa, da an tare wasu tun kafin ƙafa ta fara ruɓewa.