Yadda ake saka silaid ɗin PowerPoint cikin Word

Duk taron matasa da aka gama sai an nemi rahoto a Word, amma har yanzu ina ganin masu ɗaukar hoton allon kwamfuta da waya su liƙa. Alƙaluma su fito dishi-dishi, mai ba da tallafi ya kasa karantawa.

A PowerPoint na Windows, shiga File, sai Export, sai Create Handouts. Shi zai jera maka silaid ɗin duka cikin Word.

Zai tambaye ka: Paste ko Paste link? Ni dai Paste nake zaɓa. Na biyun yana jingine ne da asalin fayil ɗin da ke kwamfutarka. Ka tura rahoton ta WhatsApp, haɗin ya tsinke kenan.