Shin Ko Kun San? Ƙarar Injin Niƙa Ma Kiɗa Ce a Wani Wurin

Shin ko kun san cewa hayaniyar da ke sa mutum toshe kunne ranar Juma'a a Wudil, akwai masu sayen tikiti don su saurari irinta? Ku tsaya bakin gada da hantsi. Tirela na gurnani a sama, mai walda na gurzar ƙarfe, injin niƙa na ta tatata, ga kukan shanu daga kara. Da ire-iren waɗannan sautuka wasu Turawa suka gina wani kiɗa da suke kira kiɗan masana'anta. Sunan ya fito ne daga Industrial Records, kamfanin faifai da ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa a Landan a 1976. A 1980 kuma wasu matasan Balin suka kafa Einstürzende Neubauten, suna kiɗa da guduma da injin huda bango da tarkacen ƙarfe irin na 'yan gwangwan.

Shin ko kun san akwai kiɗan da ba ganga, ba amshi, sai wani gunji mai zurfi kamar ka leƙa tsohuwar rijiya da tsakar dare? Brian Williams, ɗan yankin Wales da aka fi sani da Lustmord, har cikin koguna da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ya riƙa shiga yana naɗo sauti. Faifansa Heresy na 1990 shi ne madubin masu wannan salo. Ban ba ku shawarar saurare a ɗaki ku kaɗai an ɗauke wuta ba.

Bayan hayaniya da gunji, sinadari na uku kuwa, wato nanata kiɗa ɗaya har mai sauraro ya fita hayyacinsa, ba sai an koya wa Bahaushe ba. Garaya mai tsirkiya biyu, 'yan buta na kaɗawa, ko goge da ƙwarya: kowane iska na birnin Jangare da takensa, na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, ana ta juya shi ana ƙara sauri har ya hau dokinsa ko goɗiyarsa. Maganar kiɗa muke yi a nan, hukuncin bori yana wurin malamai. Fremont Besmer ya zauna da makaɗan bori a ƙasar Kano, ya fitar da littafi a kansu a 1983. Kafin shi, wani marubuci mai suna Tremearne ya tarar da Hausawa suna bori a Tunis da Tarabulus, ya rubuta nasa a 1914.

To ga inda zaren ya haɗu. A Tozeur, kudancin Tunisiya, jikokin bayin da aka tsallaka Sahara da su suna da wani biki mai suna Banga. (Sunan bai yi muku kama da na wata ganga tamu ba?) Bafaranshe François Cambuzat da Gianna Greco 'yar Italiya suka yi watanni tare da su, suka ɗora jita da kwamfuta a kan waƙoƙinsu da ƙarafan tafinsu, 'yan uwan sambani. Sakamakon shi ne ƙungiyar Ifriqiyya Electrique da faifanta Rûwâhîne na 2017. Ni dai da na ji, ƙarafan nan sun fi kwamfutar tsorata ni.

Shin ko kun san maƙwabtanmu sun daɗe da shiga harkar na'ura? Mamman Sani na Nijar ya sayi fiyanon lantarki ƙirar Italiya, Orla, a hannun wani wakilin Ruwanda lokacin yana aiki da UNESCO. A 1978 ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa a Yamai. Shekara da shekaru mutanen Nijar na jin kiɗan a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi, Turai ta ce ta yi sabon gani.

Shi ma Mdou Moctar, gwanin jitar Abzinawa, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ta katin waya waƙoƙin suka bazu a Sahel, daga wannan hannu zuwa wancan.