Hawa Yakubu: Matar da ta wakilci Bawku a shekarun ƙarar bindiga

Ina ɗan shekara goma sha biyu a Bawku lokacin zaɓen 7 ga Disamban 2000. Abin da na fi tunawa shi ne kakata tana jan mu ƙarƙashin gado, tana cewa mu yi shiru. Gardama kan sakamakon kujerar Bawku ta Tsakiya ce ta tayar da tsohuwar gaba tsakanin Kusasi da Mamprusi, aka rasa gwamman rayuka. Wadda ta ci kujerar ita ce Madam Hawa Yakubu. Sai da na girma na bi tarihinta.

An haife ta a Tarkwa a 1948, amma asalinta Pusiga ce, kusa da Bawku. Bayan juyin mulkin Rawlings na 1981 ta yi zaman gudun hijira, ta dawo gida gabanin komawa mulkin farar hula. A 1992 manyan jam'iyyun adawa sun ƙaurace wa zaɓen majalisa, NDC ta kwashe kujeru 189 cikin 200. Ita kuwa ta tsaya ba jam'iyya, ta ci. A zauren da kusan kowa ɗan gwamnati ne, muryarta na cikin 'yan ƙalilan masu ja da gwamnati, har aka riƙa yi mata laƙabi da mace mai kamar maza.

A wannan zangon ne, a Fabrairun 1994, yaƙin Konkomba da Nanumba, Dagomba da Gonja ya ɓarke, wanda ake cewa cinikin zabo a kasuwar Nakpayili ne ya kunna shi. Tushensa dai filaye ne da sarauta. Fiye da mutum 1,000 suka mutu, aka sa dokar ta-ɓaci a yankunan da suka haɗa da Yendi da Salaga. Tsarin mulki ya ce irin wannan doka sai da amincewar majalisa take ɗorewa, don haka nauyin ya hau kan su Hawa.

Ta faɗi zaɓen 1996, ta dawo a 2000 ƙarƙashin NPP, Shugaba Kufuor ya ba ta ministar yawon buɗe ido. Tana majalisa kuma aka kashe Ya-Na Yakubu Andani II a Yendi, a Maris 2002, dokar ta-ɓaci ta sake dawowa Dagbon. A 2004 Mahama Ayariga na NDC ya kayar da ita. Ta rasu a Landan a Maris 2007.

Har yau a gidanmu ba a gama muhawara a kanta ba. Kawuna na cewa siyasar zamaninsu ce ta ƙara wa wutar Bawku fetur. Innata kuwa cewa take, albarkacin Hawa ne mahaifinsu ya yarda ta ci gaba da karatu. Ni dai duk sanda aka sake sa dokar hana fita a Bawku, ƙarƙashin gadon kakata nake fara tunawa.