Aron Mahaifa: Cutar da Ke Ɓuya a Cikin Maniyyi

Jama'a, wannan magana tana da nauyi a baki, amma cuta ba ta san kunya ba. A yau asibitocin haihuwa masu zaman kansu a Akra da Kumasi suna dashen ciki, har da aron mahaifa, wato mace ta ɗauki ciki ta haifa wa wasu. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta Gana ta 2020 ma ta san da wannan tsari. Mu mutanen zango ba a wata duniya muke ba. Gobe rashin haihuwa ko talauci na iya kai 'yarmu ƙofar asibitin nan.

Mu fara da addini. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta dashen da aka yi da maniyyin miji da ƙwan matarsa a mahaifarta. Ta haramta maniyyin wani namiji, ta kuma haramta aron mahaifa.

Sai lafiya. Maniyyi yana iya ɗauke da ƙanjamau, ciwon hanta, tunjere da ciwon sanyi, alhali mai shi garau yake a ido. A 1985 likitoci a Ostareliya sun ba da rahoton mata 4 da suka kamu da ƙanjamau ta maniyyin mutum guda da aka sa musu a asibiti. Mai ɗaukar cikin ce ke fara kamuwa, daga ita kuma cutar tana iya kaiwa ga jariri da mijinta.

Gwaji ɗaya ba ya isa, domin sabon kamu yakan yi kwanaki ko makonni bai nuna a jini ba. Shi ya sa inda ake bin ƙa'ida sai a gwada mutum, a daskarar da maniyyinsa wata 6, a sake gwada shi kafin a yi amfani da shi.

Saboda haka duk wadda aka zo wa da wannan tayi, ta nemi shawarar malamai da likita. Ta tambaya: maniyyin na wane ne? Yaushe aka gwada shi? Ina takardar? Wanda ya ce a yi a gida a asirce don sauƙin kuɗi, a guje shi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, amin.